ANNOBAR SHEKARA TA 749 BAYAN HIJIRA: YADDA MAGABATA SUKA FUSKANCI BALA'I

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Yake jarraba bayinSa da yalwa da ƙunci, Ya sanya wa kowane tsanani iyaka. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugaban halitta, Annabi Muhammadu (S.A.W.), da alayensa da sahabbansa, da waliyyan Allah magada bayansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har ya zuwa ranar sakamako.

GABATARWA

Bayan haka, babu al'ummar da ta taɓa rayuwa a bayan ƙasa ba ta ɗanɗani bala'i ba, ko na yunwa, ko na yaƙi, ko na cuta. Inda al'ummu suka sha bamban shi ne amsar da kowacce take bayarwa idan aka tambaye ta daga ina masifa ta fito, domin wannan amsa ce take nuna wa hannayen mutane aikin da za su kama. Wanda ya ɗauki masifa makircin maƙwabcinsa ne, itace da wuta zai nema. Wanda kuwa ya ɗauke ta jarrabawa ce daga Ubangijinsa, zai koma ga tuba, sannan ya nemi likkafani da makara da ƙwaryar abinci domin wannan maƙwabcin.

A cikin watan Rabi'ul Sani, watan da 'yan'uwa suke haɗuwa a cikinsa duk shekara, mutanen birnin Dimashƙa na ƙasar Sham suka taɓa fitowa ƙwansu da kwarkwatarsu, ƙafafunsu ba takalma, suna kuka suna roƙon Allah. Wannan ya faru ne a shekara ta 749 bayan Hijira, daidai da 1348 Miladiyya, lokacin da annobar ɗa'un, wadda tarihi bai san kamarta ba, ta auka wa duniya. Malamai da yawa sun ga abin da idanunsu, sun kuma rubuta shi, saboda haka labarin wannan shekara ya zama madubi mai kyau ga duk mai son ganin yadda al'umma take fahimtar wahala da yadda take tarbarta.

ASALIN CUTAR DA HANYAR DA TA BIYO

Ɗa'un cuta ce da take farawa da zazzaɓi mai zafi, sannan kaluluwa ta fito a hammata ko a matsematsi ko a bayan kunne. Idan ta kama huhu, mutum yakan yi tarin jini, kuma da wuya ya wuce kwana uku. Mutanen wancan zamani sun san alamominta sarai, amma ba su san abin da yake kawo ta ba. Sai a shekara ta 1894 wani likita mai suna Alexandre Yersin ya gano ƙwayar cutar a Hong Kong, sannan a 1898 aka tabbatar da cewa ƙuma ce take ɗauko ta daga jikin ɓera ta sanya wa ɗan Adam. A shekara ta 2022 kuma masana suka bayyana cewa sun sami alamar ƙwayar a haƙoran wasu mamata da aka binne a 1338 da 1339 kusa da tafkin Isik-Kul a ƙasar Kirgistan, abin da ya ƙarfafa cewa daga tsakiyar Asiya annobar ta taso.

Daga can ta biyo hanyoyin fatake har gaɓar Baƙin Teku, ta shiga jiragen ruwa tare da hatsi da ɓeraye. A 1347 ta isa Ƙusɗanɗiniyya, wato Istanbul ta yau, kuma kafin shekarar ta ƙare ta sauka a Iskandariyya ta Masar da tsibirin Sisili. Masanin tarihin Masar, Maƙrizi, ya kawo labarin wani jirgi da ya taso da 'yan kasuwa 32 da mutane kimanin 300, amma ya iso Iskandariyya da 'yan kasuwa huɗu da bawa ɗaya da matuƙa wajen arba'in, su ma kuma suka cika a bakin gaɓa. A 1348 cutar ta game Gaza da Sham da Tunis da Andalus, ta kai har Makka. Masana tarihi suna ƙiyasta cewa kimanin kashi ɗaya cikin uku na mutanen Masar da Sham sun rasu, a Turai kuwa tsakanin kashi ɗaya cikin uku zuwa rabi.

Ba ta bar malami ba, ba ta bar jahili ba. Ibnul Wardi na Halab ya rubuta risala a kanta, bai jima ba ta ɗauke shi a 749. Ibnu Khaldun yana saurayi ɗan shekara goma sha shida ko sha bakwai ta raba shi da mahaifinsa da mahaifiyarsa da wasu malamansa a Tunis, kuma daga baya ya bayyana a Muƙaddimarsa cewa duniya ta sauya kamanni bayanta, kamar an sake sabuwar halitta. Matafiyin nan Ibnu Baɗuɗa, wanda a 1353 ya zo har Takadda a yankin Abzin ya kuma ambaci Gobir da Barno, yana kan hanyar komawa gida ya sami labarin cewa annobar ta ɗauke mahaifiyarsa a Ɗanja.

ABIN DA AKA GADA DAGA AMWAS

Musulmin wannan ƙarni ba su tarbi annobar da hannu wofi ba, domin suna da gadon fahimta tun daga zamanin sahabbai. A shekara ta 18 bayan Hijira ɗa'un ya ɓarke a Amwas ta ƙasar Falasɗinu, ya ɗauke manyan sahabbai irin su Abu Ubaida ɗan Jarrah da Mu'azu ɗan Jabal da Yazidu ɗan Abu Sufyan da Shurahbilu ɗan Hasana, Allah Ya ƙara musu yarda. Sarkin Musulmi Umar ɗan Khaɗɗabi (R.A.) ya taso zuwa Sham, da ya isa Sargu sai labarin cutar ya tarye shi. Ya yi shawara da Muhajirai da Ansaru, ra'ayi ya rabu, sai ya yanke hukuncin komawa Madina. Da Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, sai ya nuna masa cewa komawar ma ƙaddarar Allah ce, ya buga masa misali da makiyayin da ya sami kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya busasshe, duk inda ya kora raƙumansa da ƙaddarar Allah ya kora su. Ana cikin haka Abdurrahman ɗan Aufu (R.A.) ya iso, ya sanar da su cewa ya ji Manzon Allah (S.A.W.) ya hana shiga garin da annoba ta sauka, ya kuma hana mutanen cikinsa fita don gudunta.

Daga wannan waƙi'a da hadisan da suka zo a babin, malamai suka fitar da ginshiƙai uku. Na farko, annoba daga Allah take, kuma rahama ce ga mumini, wanda ya zauna a garinsa yana mai haƙuri da neman lada yana da ladan shahidi. Na biyu, ba a shiga, ba a kuma fita da niyyar gudu. Na uku, riƙo da sababi ba ya warware tawakkali, domin Umar ya juya da jama'arsa, kuma Amru ɗan Asi (R.A.), da jagoranci ya dawo hannunsa a Sham, ya umarci mutane su warwatsu cikin duwatsu, cutar kuwa ta lafa.

Malamai sun ambaci hikimomi a cikin hanin fita. Daga ciki akwai cewa idan masu lafiya suka gudu, babu mai shayar da majinyaci ruwa, babu mai yi wa mamaci wanka da sallah. Ke nan hanin ya ɗaure mai lafiya a gefen tabarmar marar lafiya, ya mayar da zaman haƙuri ya zama zaman hidima.

DIMASHƘA A WATAN RABI'UL SANI

Hafizi Ibnu Kasir, mai tafsiri, yana zaune a Dimashƙa a lokacin, kuma ya rubuta abin da ya gani wata bayan wata. Tun a Rabi'ul Awwal, da labarin cutar ya ƙarato, aka taru aka karanta Sahihul Bukhari, aka yi addu'a. Bayan haka jama'a suka taru a babban masallaci suka rarraba Suratu Nuhu a tsakaninsu, suka karanta ta sau 3,363, saboda mafarkin da wani bawan Allah ya ce ya yi da Manzon Allah (S.A.W.).

Da mace-mace suka haura ɗari a kullum, sai wata musiba ta biyu ta bayyana. A tsarin wancan lokaci akwai kuɗin da ake karɓa a kan makara da masu wankan gawa da masu ɗaukarta, kuma da buƙata ta yi yawa sai kuɗin ya hau, har gawar talaka takan daɗe a gida ba a fitar da ita ba. Ranar Litinin 16 ga Rabi'ul Sani gwamnan birnin ya sa aka yi shela cewa an soke wannan kuɗi, aka kuma sassaƙa makaru masu yawa aka ajiye su waƙafi a unguwanni, talakawa suka sami sa'ida. Mako guda bayan haka, ranar 23 ga wata, aka sake yin shela cewa kowa ya yi azumin kwana uku. Ibnu Baɗuɗa, wanda ya iso garin a daidai wannan lokaci, ya ƙara da cewa an hana dafa abincin sayarwa a kasuwa da rana. Daren Juma'a mutane suka cika masallaci suka raya shi kamar daren Ramadan. Da gari ya waye, ranar 27 ga wata, suka fita da ƙafa zuwa Masallacin Ƙadam da yake kudancin birnin, sarakai ba takalma, mutane riƙe da Alƙur'ani, tsofaffi da mata da yara duk suna ciki. Yahudawan garin suka fito da Attaurarsu, Nasara suka fito da Linjilarsu, babu wanda aka kora, babu wanda aka ce shi ya jawo.

Abin lura a nan shi ne jerin abubuwan. An sauke wa talaka nauyin jana'iza mako guda kafin a kira shi azumi. Hukumar da ta yi kiran tuba ta fara ne da gyara zaluncin da yake hannunta, sannan ta nemi jama'a su ɗaga hannu sama.

Cutar ba ta ɗauke nan take ba. Ta ci gaba har watanni, kuma Ibnu Baɗuɗa ya ce mamata sun kai kimanin 2,000 a rana guda. Da ya wuce Ƙudus bayan ta lafa a can, ya tarar limamin garin ya shirya walima. Da ya tambayi dalili, aka gaya masa cewa limamin ya yi bakance ne zai ciyar da mutane duk ranar da ta wuce bai sallaci gawa ba. Godiyarsa ga Allah ta fito ne a surar ciyarwa.

ALƘAHIRA: MAI WANKAN GAWA DA MAI GINA ZAWIYYA

A Alƙahira abin ya fi muni, ya kuma kai ƙololuwa a watannin Sha'aban da Ramadan da Shawwal na 749. Maƙrizi, wanda aka haifa shekaru kaɗan bayan annobar, ya tattara labarinta daga waɗanda suka gani. Ya ce amfanin gona ya nuna babu mai girbi, an daina jin kiran sallah a wasu unguwanni, an rufe masallatai da zawiyoyi da yawa saboda babu masu tsayuwa da su, ana haƙa rami ɗaya a binne mutane da dama. Sarkin lokacin, Nasiru Hasan, yaro ne matashi, an fita da shi bayan gari.

A cikin wannan hali aka sami waɗanda suka tsaya. Mutane suka sassaƙa makaru da katakon wankan gawa suka bayar saboda Allah, wasu suka ɗauki aikin binne mamata ba lada. Manyan hakimai biyu, Amir Shaikhu da Amir Mugulɗai, suka ɗauki nauyin wanke gawarwakin jama'a da yi musu likkafani da binne su. Haka kuma birnin yana da babban asibitin da Sarki Ƙalawun ya gina a 1284, wanda dukiyar waƙafi take riƙe da shi, ana jinyar mai kuɗi da talaka kyauta. Irin wannan asibiti ba shi da maganin ɗa'un, amma yana nuna cewa tun kafin bala'i ya zo al'ummar ta riga ta ɗauki jinyar marar lafiya haƙƙi ne a kan dukiyar masu hali.

A cikin Ramadan na wannan shekara Allah Ya karɓi ran waliyyin nan, malamin Malikiyya, Shehu Abdullahi Manufi, wanda ya shahara da zuhudu da tsentseni. Rasuwarsa ta dace da ranar da mutanen Alƙahira suka fita sahara domin roƙon Allah Ya yaye annobar, sai taron addu'a ya zama taron jana'izarsa, har Hafizi Iraƙi ya ce bai taɓa ganin jana'iza mai yawan jama'a kamarta ba. Daga cikin almajiransa da Allah Ya raya akwai Shehu Halilu ɗan Ishaƙa, wanda ya rubuta littafi a kan darajojin shehin nasa, kuma shi ne mai Mukhtasar ɗin da har yau ake durƙusawa a karanta shi a zaurukan Kano da Zazzau da Sakkwato da Katsina da Damagaram.

Shi kuwa Amir Shaikhu, bayan annobar ta wuce, ya gina masallaci a 750, sannan a 756 (1355) ya gina babbar zawiyya daura da shi, ya yi mata waƙafi mai yawa. Ana karantar da mazhabobi huɗu da hadisi a cikinta, ana ba mazaunanta burodi da nama kullum, a ba su mai da sabulu da kayan zaƙi duk wata. Shehu Halilu yana cikin waɗanda suka karantar da fiƙihun Malikiyya a wannan wuri. Ta haka dukiyar mutumin da ya ɗauki nauyin likkafanin talakawa ta zama inuwar da ilimi ya sake tsirowa a ƙarƙashinta, bayan mutuwa ta yi wa malamai yankan ƙauna. Almajirin da yake biya Mukhtasar a ƙasar Hausa yana da rabo a cikin wannan alheri, ko ya sani ko bai sani ba.

ABIN DA YA FARU A ƘETAREN TEKU

Cutar da ta ci Dimashƙa ita ce ta ci biranen Turai, amma a wurare da yawa can an ba ta wata fassara. Jita-jita ta bazu cewa Yahudawa ne suke zuba guba a rijiyoyi. Aka kama wasu aka azabtar da su har suka amsa laifin da ba su yi ba. A watan Janairu na 1349 aka ƙone Yahudawan birnin Basel, ranar 14 ga Fabrairu aka ƙone ɗaruruwa a Strasbourg tun cutar ba ta ma shiga garin ba, a watan Agusta aka yi irin haka a Mainz. Da yawa daga waɗanda suka hura wutar bashi ake bin su, kuma bashin ya mutu da mutuwar masu shi. Haka kuma ƙungiyoyin mutane suka riƙa yawo gari gari suna tsala wa jikinsu bulala har jini, da zaton haka zai kwantar da fushin Ubangiji.

Adalci ya wajabta a faɗi ɗaya ɓangaren. Fafaroma Clement na Shida ya fitar da takardu a 1348 yana hana kisan, yana kafa hujja da cewa cutar tana kashe Yahudawa kamar yadda take kashe kowa. Malaman coci masu yawa sun mutu a wajen jinyar mabiyansu. Kuma a Turai ɗin ne aka fara tsara killace matafiya a hukumance. A 1377 birnin Ragusa, wato Dubrovnik ta yau, ya wajabta wa masu zuwa daga garuruwan annoba zaman kwana 30 a keɓe kafin su shiga, daga baya wasu garuruwa suka mayar da shi kwana 40. Al'umma ɗaya ta fitar da mai ƙona maƙwabci, ta kuma fitar da mai tsara kariya, gwargwadon yadda kowannensu ya fahimci abin da ya same shi.

SAƁANIN MALAMAI A KAN SABABI

A ɓangaren Musulmi ma ba a taru a kan fahimta guda ba. Babbar mas'alar ita ce ko cuta tana tsallakawa daga mutum zuwa mutum, domin akwai hadisin da zahirinsa ya kore haka, akwai kuma wanda ya hana gwama raƙuma marasa lafiya da masu lafiya. Tun kafin annobar, Ibnus Salahi, wanda ya rasu a 643, ya haɗa tsakaninsu da cewa cuta ba ta tsallakawa da ikon kanta, amma Allah Ya sanya cuɗanya ta zama sababi, kamar sauran sabubba.

A Andalus, wazirin Garnaɗa Lisanuddin Ibnul Khaɗib, wanda yake da littafi a kan soyayyar Allah bisa tafarkin sufaye, ya rubuta risala yana tabbatar da yaɗuwar cutar ta hanyar cuɗanya. Hujjarsa abin da ido ya gani ne. Ya lura cewa cutar tana shiga gari mai tashar jirgi da zuwan baƙo daga ƙasar annoba, tana bin tufafi da kwanuka, kuma makiyaya mazauna tantuna da waɗanda suka killace kansu sun fi tsira. Ibnu Khatima na birnin Almariya, likita kuma malami, ya lura cewa masu sayar da tsofaffin tufafi da shimfiɗun mamata sun fi kowa mutuwa.

Annobar ta riƙa dawowa Masar da Sham bayan 'yan shekaru har tsawon ƙarnoni. Hafizi Ibnu Hajar Asƙalani, mai sharhin Bukhari, ya rasa 'ya'yansa mata uku a cikinta, biyu a 819, ɗaya a 833, kuma ya wallafa littafinsa Bazlul Ma'un a kan falalar haƙuri da ita. Shi bai tafi a kan cewa cuta tana tsallakawa ba, amma bai ɓoye abin da ya gani ba. Ya kawo cewa a 833 (1430) masu mutuwa a Alƙahira ba su kai 40 a rana ba, sai aka yi shelar azumi aka fita sahara aka yi gangami, kafin watan ya ƙare adadin ya haura 1,000 a kullum. Ya tabbatar da halaccin roƙon Allah Ya yaye annoba, amma ya yi inkarin a tara jama'a dominta kamar yadda ake yi a roƙon ruwa. A ƙarshen littafin ya jero ladubban lokacin annoba: addu'ar neman lafiya, haƙuri, kyautata zato ga Allah, da gaida marar lafiya. Imamu Suyuɗi, wanda ya yi wasiƙa da sarakunan Katsina da Agadas, ya taƙaita wannan littafi daga baya.

Mai hankali ba zai ɗauki labarin Ibnu Hajar hujjar raina addu'a ba, ba kuma zai ɗauki labarin Dimashƙa hujjar watsi da kariya ba. Mutanen 749 sun yi iyakar abin da iliminsu ya kai, kuma niyyarsu tana wurin Allah. Wanda ya zo bayan an san ƙwayar cuta da hanyar yaɗuwarta, hisabinsa yana kan abin da aka sanar da shi.

INDA AKA KARKACE

Neman wanda za a ɗora wa laifi bai tsaya ga wata al'umma ita kaɗai ba. A 841 (1438) annoba ta sake sauka a Alƙahira, Sarki Barsbai ya tara malamai ya tambaye su zunubin da yake jawo ta. Aka ambaci alfasha, sai ya hana mata fita daga gidajensu baki ɗaya, aka tsananta a kan haka. Maƙrizi, wanda yake raye a lokacin, ya rubuta cewa dokar ta jefa gwagware da mata masu sana'a da masu bara cikin matsanancin ƙunci, domin ba su da mai nemo musu abinci. Cutar ba ta tsaya ba, shi kansa sarkin ya rasu kafin shekarar ta fita.

Bambancin wannan da abin da aka yi a Dimashƙa a bayyane yake. Gwamnan Dimashƙa ya duba abin da yake hannunsa ya gyara, talaka ya sami sauƙi. Barsbai ya duba laifin waɗanda ba su da ƙarfin kare kansu, ya ƙara musu wahala a kan wahala. Dukkansu sun yarda cewa zunubi yana jawo bala'i. Wanda shehunan tarbiyya suka rena ya san cewa idan aka ambaci zunubi, nasa ake nufi ya fara bincikawa, domin muhasaba da kai ake yin ta.

KAMMALAWA

Mutanen tasawwufi sun yi dogon bayani a kan maƙamin haƙuri da na yarda da hukuncin Allah, kuma tarihin 749 yana nuna inda ake ajiye kowannensu. Wahalar da ta sami bawa a jikinsa ko a gidansa, ita ce wurin haƙuri da yarda, kamar yadda Ibnu Hajar ya binne 'ya'yansa ya ɗauki alƙalami. Wahalar da ta sami ɗan'uwansa kuwa, wurin hidima ce. Ba a gaya wa mayunwaci ya yi haƙuri alhali akwai hatsi a rumbu. Ya zo a hadisin ƙudusi da Imamu Muslim ya ruwaito cewa ranar alƙiyama Allah zai tuhumi bawa a kan marar lafiyar da bai gaida ba, da mayunwacin da bai ciyar ba, da mai ƙishirwar da bai shayar ba. A kan wannan tafarki Sidi Abdulƙadir Jilani (R.A.), wanda ya rasu a Bagadaza a 561, ya shahara da ciyar da baƙo da miskini, kuma a kansa aka gina zawiyoyi daga gabas har yamma, inda halƙar zikiri da tukunyar abinci suke ƙarƙashin rufi ɗaya.

Ɗa'un a yau yana da magani idan aka kai marar lafiya asibiti da wuri, amma jarrabawa ba ta ƙare ba. Sanƙarau ya kashe fiye da mutum 11,000 a Nijeriya a 1996, mafi yawansu a Arewa. A 2020 annobar korona ta sa aka taƙaita aikin Hajji ga mutane ƙalilan. Amai da gudawa yana dawowa da damina, ambaliya da rashin tsaro sun raba dubban iyalai da gidajensu. Duk lokacin da irin wannan ya sauka, tambayoyin da aka yi a Dimashƙa da Alƙahira su ne suke dawowa: wa zai ɗauki gawar da ba ta da dangi, wa zai biya wa talaka kuɗin magani, wa zai riƙe marayun da aka bari, wa zai tsawata wa masu yaɗa jita-jitar cewa wata ƙabila ko wasu baƙi ne suka kawo cutar, wa zai gaya wa jama'a cewa bin shawarar likita yana cikin abin da Umar da Amru ɗan Asi suka koyar.

Jama'ar da take iya cika filin maukibi a yini guda, tana da muƙaddamai a kowace unguwa da kowane ƙauye, babu wanda ya fi ta cancantar amsa waɗannan tambayoyi. Makara da likkafani na waƙafi a kowace zawiyya, asusun jinya da na marayu, matasa masu ba da jini a asibiti, da malamai masu faɗa wa mutane gaskiya a lokacin ruɗani, duk suna cikin abin da magabata suka yi da irin kayan zamaninsu.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu a wannan annoba da sauran annobai, Ya karɓi shahadarsu, Ya saka wa waɗanda suka yi musu hidima da mafificin alheri. Allah Ya ba marasa lafiya lafiya, Ya mayar da waɗanda aka raba da gidajensu, Ya kare al'ummar Annabi (S.A.W.) daga annoba da yunwa da fitina, Ya mayar da mahalarta wannan taro gidajensu lafiya, albarkar Shugaban halitta da alayensa da sahabbansa da waliyyan Allah baki ɗaya. Amin.